Gwiwar Yaya Babba

Tela ya kwana biyu ba ya iya tauna ko ayaba. Kumatunsa na hagu ya haye kamar ya ɓoye ƙwai, ga ɗinkin mutane jibge a kan keke. Likitan haƙori ya duba, ya ce abu mai sauƙi ne: a cire jijiyar haƙorin, a cike ramin, shi ke nan.

Shi ke nan ɗin a bakin likita ne kawai. A gidansu tela har kaji sun san abin da wannan aiki ya yi wa Yaya Babba. Bara waccan ya tafi a cire masa jijiya yana tafiyarsa ƙyam, aka dawo da shi ranga-ranga. Har yau gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa. Amosanin gaɓɓai ne, in ji shi, kuma ya yi wa dangi bayani dalla-dalla: jijiyar haƙori da ta gwiwa igiya ɗaya ce, in ka fizgo ta sama sai ta tsinke a ƙasa. Saboda wannan fatawa goggonsu ta gwammace tauna da dasashi.

Tsoro ya kama tela sosai. Kekensa na ƙafa ne, ran da gwiwa ta ƙi, ranar tukunyar gidansa ta sauka. Amma haƙorin ma ba sauƙi, har ya ɗinke wa wani wando aljihu a baya-baya. Matarsa ta ce ta gaji da nishinsa, ko ya koma wurin likita ko ya koma shago da kwana.

Sai ya yanke shawara. Zai tafi da Yaya, ya ajiye wa likita gwiwar nan a gabansa, ya ji ta bakinsa.

Yaya ya ce yana da baƙi. Da aka ce baƙin za su jira, ya ce rana ta yi zafi. Da ƙyar aka tura shi cikin mota. A hanya tela ya saya musu ruwan sanyi, Yaya ya kurɓa, ya dafe kunci, ya ce ba ya jin ƙishi.

Ɗakin likitan a hawa na biyu yake. Yaya ya tsaya a gindin bene, ya ja hula har gira.

"Hau kai kaɗai, ƙanena. Ka san ƙafar."

"Ai ƙafar muka kawo, Yaya," in ji tela, ya tallabe shi suka hau.

Ɗakin fes, ga kujera mai kwanciya, ga taga an gitta mata ƙarafa. Tela bai ko zauna ba, ya yaye wandon Yaya har cinya.

"Likita, dubi aikinku! Jijiyar haƙori kuka cire masa, gwiwa ta mutu. Ni ma haka za ku mai da ni?"

Likita ya fara cewa babu ruwan jijiyar haƙori da amosani, sai idonsa ya kai kan Yaya. Ya gyara tabarau, ya leƙa ƙarƙashin hular Yaya, wanda ya duƙufa yana ƙirga tayil ɗin daɓe.

"Ikon Allah, ashe ka tashi! Ba kai ne ka hango allura ka dira ta tagar nan ba, tun ban ko taɓa haƙorin ba?"