Kunnen Ƙashi

"Wata fata ce ta tsiro a can cikin kunnen 'yarku, ta cinye ƙananan ƙasusuwan ji," in ji likita. "Kunnen dama ya mutu. Saura ƙiris ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa."

Uwar ta dubi mijinta. Shekara da shekaru yana murɗe wannan kunnen. In ya kira yarinyar ba ta amsa ba, sai mari. In ruwa mai wari daga kunnen ya ɓata matashin kai, ya ce ƙazama ce. Ranar da bakinta ya karkace, cewa ya yi gatsine take masa. Har sunanta ya ɓace a gidan, sai Kunnen Ƙashi.

Ashe ko ƙashin ma babu.

Da aka fito da ita daga tiyata ta farfaɗo, uwar ta ce, "Malam, ka nemi gafararta. Ko 'yarka ce, hakki hakki ne."

Ya daɗe tsaye ta hagun yarinyar. Sannan ya zagaya gadon a hankali, ya sunkuya kan bandejin dama, ya motsa leɓe.

Ya miƙe yana gyara hula.

"To, na roƙa. Kin gani ko? Ko amsa ni ba ta yi ba."