Kunnen Nalau

Nalau ya kurɓi ruwan kava, abin shan gargajiyar garinsu, ya fesa shi wajen dutsen, sannan ya durƙusa ya manna kunnensa da ƙasa. Baƙi suka ɗaga wayoyinsu a tare. Ya daɗe a durƙushe, don ya lura 'yan yawon buɗe ido sun fi gaskata abin da ya ɓata musu lokaci.

"Kaka yana cikin fara'a yau," in ji shi. "Ku hau."

A tsibirin Emarau ba a hawa dutsen nan mai aman wuta, wanda suke kira Kaka, sai mai sauraronsa ya ba da izini. Mahaifin Nalau ne ya riƙe aikin, kuma shi da gaske yana ji. Nalau kuwa, lokacin da ya kamata ya zauna ya koya, yana can Ostireliya yana tsinkar inabi. Da tsohon ya rasu aka kira shi gida, aka ɗaura masa banten ganye, shi ke nan ya zama kunnen gari. In ya kai kunnen ƙasa, ba abin da yake ji sai cizon tururuwa.

Asirinsa yana cikin waya. Kowace safiya wata cibiyar bincike a babban birni takan turo saƙo, ko dutse ya lafa, ko dutse ya motsa. Sai ya laɓe a gonar ayaba ya karanta, ya fito ya sa wa Kaka a baki. Caji ma bai taɓa ba shi wahala ba, tun bara da ya tsinci wani farantin sola a gefen dutsen, kafe a kan ƙarfe babu mai shi, ya kwance ya kai rufin ɗakinsa.

Sau ɗaya ya riga saƙon magana. Ciki ne ya murɗe masa, ya ce Kaka yana fushi don a bar shi ya kwanta. Washegari saƙo ya zo, dutse ya motsa. Ranar Nalau ya ji tsoron kansa, har ya fara zargin ko gadon ya kama shi bai sani ba. Da masu masauki suka ishe shi da kukan rashin baƙi ya ce a hau, da safe kuwa saƙo ya ce dutse ya lafa.

Tun daga nan yake lafe, a waya dai. A ido kuwa toka ta rufe ganyen rogo, awaki sun daina kiwo a gangaren. Nalau bai damu ba. Wace ce akuya a gaban masu digiri?

Wata mata ce damuwarsa yau. Ta zo cikin baƙi da takalmin hawan dutse, ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba, ta kuma tsaya kallon rufin ɗakinsa. Iaken direba, wanda gari ke tsokana saboda wayar da yake yi kowace yamma da wata ta birni, ya gaishe ta da rawar jiki. Ya kwashi sauran a motarsa ya kama hanyar sama, ita ta ƙi shiga.

"Baba, sunana Leimara. Daga cibiyar bincike nake."

Nalau ya dafe bantensa. Ɗan baffansa Kapalu ya daɗe yana harin banten nan, yana faɗa a dandalin shan kava cewa kunnen Nalau na ado ne. In matar nan ta buɗe baki, bante ya tafi, mutunci ya bi shi.

Ƙasa ta girgiza, kwanon kava ya kife. Can sama motar Iaken ta shige cikin hayaƙi.

"'Yata," in ji Nalau, "mu yi maganar nan a hankali."

Ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Ni ce zan roƙe ka, Baba, ka rufa mini asiri. Na'urarmu ta kan dutse ta mutu tun bara, wani mara imani ya kwance mata sola. Kullum da yamma nake kiran Iaken in ji abin da ka faɗa, shi nake tura wa jama'a da safe."