Kofin Malam Hanif

"A sake!" in ji Justina, ta dafe kai.

Malam Hanif ya ajiye kofin, ya gyara haƙoransa na roba, ya yi mata murmushi. Murmushin nan shi ke kashe ta. Ina aka taɓa ganin mashayin jini da fara'a kamar mai tarbar baƙi ranar suna?

A wannan tsohon sito na Idu, a Abuja, ta shirya fim ɗinta na farko bara. Hanif, ma'aikacin gwamnati mai wasan kwaikwayo don sha'awa, shi ya fito a dodon. Fitowa ɗaya ce ta ɗaga fim ɗin. An miƙa masa kofin jini, wato zoɓo mai sanyi da aka kaurara, kuma a tsari zai kwankwaɗe ne nan take. Sai ya ƙi. Ya tsura wa kofin ido, leɓe a bushe. Ya dubi taga, ya dubi kofi, ya sake duban taga. Justina ta hana a tsayar da kyamara. Sai da rana ta faɗi ya motsa baki a hankali, ya rufe ido, ya shanye.

Masu sharhi kuwa suka ɗauka. Wani ya rubuta cewa Hanif ya nuna yaƙin dodo da sauran mutuncin da ya rage masa. Wata ta ce motsin bakin nan tsinuwa ce yake yi wa duhu. Aka ba fim ɗin kyauta har a ƙasar waje. In an tambayi Hanif sirrin, sai ya sosa ƙeya ya ce ikon Allah ne.

To, yanzu ga kashi na biyu. Kamfanin da zai ɗauki nauyi ya faɗa ƙarara: gobe za su zo kallon gwaji, in babu wancan kallon, a ba wani darakta. Tsoro ya kama Justina ƙwarai, don fim ɗin nan shi ne komai nata.

Babu abin da ba ta dawo da shi ba. Kofin bara, tagar bara, har mai zoɓon bara aka nemo daga Orozo. Ta tuna a ranar ta bara ya ƙi cin abincin rana, amma ai manyan 'yan wasa haka suke in za su shiga halin wanda suke kwaikwaya. Yau kam ya share shinkafa da kaza, ya ƙara da lemo.

Da la'asar matarsa Hafsah ta zo ɗaukarsa. Ta tarar da Justina zaune kan akwati, ido ya yi ja.

"Maman Nazeefa, ki taimake ni," in ji Justina. "Oga ya manta yadda ya yi wannan kallo na bara."

Hafsah ta dubi mijinta, shi kuma ya shiga gyaran alkyabbar da ba ta karkace ba. Dariya ta ƙwace mata.

"Au, har yau bai gaya miki ba? Madam, ramuwar azumi fa yake yi ranar, ga zafin Maris, kuka ɗora masa zoɓo mai ƙanƙara a hannu, bawan Allah yana ta jiran kiran Magariba!"