Farin Aku a Kan Wayar Tarho

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu sha dariya.

Wani tsoho da matarsa tsohuwa na kallon jikarsu a talabijin. Ta kama tunkiyar ƙarshe ke nan a gasar askin tumaki, sai hoton talabijin ya daskare. Ta tsohuwar wayar tarho intanet ke shigo musu, kuma yanzun nan tsoho ya kori farin akun da ke zama a kanta, wai yana gwaigwayar waya.

Tsohuwa ta leƙa taga, ta ga mahaɗin wayar yana reto.

"Dattijo, ashe nauyinsa ke matse wayar. Ka kori ma'aikacinmu."

"Akun ne ma'aikaci?"

"Ya dai fi ka aiki. Je ka ba shi haƙuri."

Ya fita da biskit yana lallashi, aku ya haye bishiya ya juya masa baya. Dole tsoho ya saƙala manjagara a wayar ya ja. Hoto ya dawo tangaran, har gumin goshin yarinyar ana gani.

"Kar ka motsa," in ji tsohuwa.

Jika ta ci kofi, tsohuwa ta gani da idonta, aku ya cinye biskit. Tsoho kuwa har yau shi ke riƙe waya duk lokacin labarai.