Buhu Ashirin, Baki Arba'in

Malam Ilu, zauna mana, ka ishe ni da wannan murna taka. Tun da ka shigo kake faɗa mini ka ji a rediyo wai kayan da ƙasa ke fitarwa waje sun ninka na zamanin da. To, madalla. Sau uku ina tambayarka mutum nawa ne a ƙasar a wancan lokaci, nawa ne kuma yau, sau uku kana maimaita mini "ai sun ninka." Bari in ba ka misalin wani manomi, ko Allah zai sa ka ji.

A shekarun da nake yawo na taɓa sauka a wani ƙauye. Sunansa ya shige mini, akwai dai tsamiya a bakin hanya da wata rijiya mai ruwan zartsi. Mai masaukina manomin riɗi ne, shi ke riƙe da gandun gidansu. Suna da wata al'ada tun kakanni. Ranar da motar masu saye ta zo kwasar riɗin da za a kai bakin teku, duk buhun da ya fita ta ƙofar zaure sai maigida ya ja zane ɗaya da gawayi a bango, kowace shekara da layinta. Da abin da aka samu kuma sai ya sayo yadi, a kira tela ya ɗinka wa kowa tufar shekara, don wannan haƙƙin duk wanda ke cikin gandu ne. Layin mahaifinsa yana can sama, zane goma. A lokacin su biyar ne a gidan, kowa kan sami riga har idon sawu, da wando, har a rage ƙyallen hula. Da shi ya gaji gandun sai ya sari daji ya ƙara gona, layinsa ya yi ta tsawo, sha biyu, sha biyar, har ya kai ashirin. Baƙo bai isa ya sha ruwa a zauren nan ba sai an kai shi gaban bango an ƙirga masa. Ni kaina sau biyu aka ƙirga mini, ko uku ne, kafin a ba ni tabarma.

Abin da bai taɓa ja wa zane ba shi ne haihuwa. Ƙannensa sun yi aure, 'ya'yansa sun yi, kowace shekara ana yanka ragon suna biyu ko uku, har bakin da ke ci a tukunyar gidan ya kai arba'in. Yadi ya ninka, gaskiya ne, amma jikin da za a rufe ya ninka sau takwas. Riga ta tashi daga idon sawu ta koma gwiwa, daga gwiwa ta hau cinya, hannunta ya guntule, wando kuwa aka ce sai baɗi. Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Cewa ya yi tela ɓarawo ne. Ya kore shi, ya ɗauko wani daga garin gaba, ya zauna a kansa yana kallon almakashi tun safe har azahar. Riga ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Tela huɗu ya kora a kan haka. Na ce masa a hankali ya raba zanen buhunan bana a kan mutanen gida ya gani, ya dube ni ya ce, "Malam, goma da ashirin wanne ya fi?" Haba, jama'a!

Ana gab da kaka sai babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya shida, ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, zamanin kakanmu kowane mutum buhu biyu ne rabonsa, yau rabin buhu ne. Ko dai mu daina sayar da shi duka ɗanye, mu riƙa matse mai, ko ka sallame mu kowa ya nemi na kansa." Uban ya kama hannunsa, ya kai shi gaban bango, ya ƙirga masa ashirin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Amsar ke nan. Kafin mako ya zagayo, majiya ƙarfin gidan duk sun ɗaure kayansu sun tafi birni neman aiki. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. Idan ganyensa ya yi rawaya ba a yanka ba, sai kwanso ya bushe ya buɗe baki. Tsoho da ƙannensa biyu suka yanki abin da suka iya, saura ya zube ƙasa, kurciya da tururuwa suka yi kakarsu. Da motar ta zo, buhu huɗu ta ɗauka.

Bayan shekara na sake biyowa ta garin, daga ina nake ma, na manta. Na tarar da zane huɗu 'yan ƙanana a ƙasan bango, kusa da inda ake ajiye takalma. Bai nuna mini su ba. Layin ashirin ya kai ni, yana sanye da rigar da ba ta rufe masa gwiwa ba, yana kuma ba ni labarin sharrin teloli.

Saboda haka, Malam Ilu, in ka sake jin an ce kaya sun ninka, kafin ka zo ka tashe ni daga hutu ka tambaya a kan kai nawa za a raba. Hausawa dai sun gama magana da suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.