Rami a Gindin Tudu

Gonar Mato tana gindin wani tudu a yamma da Gangara, kuma ta gefenta wata tsohuwar turba ta gangaro ta wuce. Turbar ta girme shi, ta girmi ubansa. Masu tallar nono da masu jakai ne ke bin ta, sai ga shi a 'yan shekarun nan samarin Tanut sun gano ta. Duk Lahadi sai su zo da kekunansu masu kaurin taya, da huluna kamar an kifa musu ƙorai a ka, su hau tudu suna nishi, su gangaro suna ihu.

Tsakani da Allah, ba su taɓa taka masa ko kara ɗaya ba. Abin da ke damun Mato shi ne turbar kanta. Kowace damina yakan ɗan tura shukarsa ciki, yana fatan wata rana ya haɗiye ta gaba ɗaya. To, kekunan nan sun hana ciyawa rufe ta.

Da hatsi ya kai ƙugu, sai ya ɗauki shebur ya haƙa rami mai zurfi ya raba turbar biyu, daidai kwanar da hatsi ke tare wa mai gangarowa gani.

A ƙauyen kowa ya san yadda ake yi in za a tare hanya. Ana gaya wa mai gari, sannan a kafa sanda a kan tudu a ɗaura mata jan tsumma, don mai tahowa ya sassauta tun daga nesa. Matarsa Kulu ta tuna masa.

"Malam, ka kafa tsumma kuwa? Ga tsohon ɗankwalina nan, ka tafi da shi."

"In na kafa, mai gari ya ji, ya ce in cike," in ji Mato. "Bari ɗaya ya sha ƙasa, sauran su shiga hankalinsu."

Kulu ta rataye jan ɗankwalin a jikin danga.

Ranar Lahadi aka tashi da yayyafi, samarin Tanut ba su zo ba. Wanda ya zo shi ne Sabi'u, mijin ɗiyarsa Zuhaira, mai gyaran kekuna a Gangara. Kowace shekara yakan ba surukinsa yini guda na noma, kuma ba ya faɗin ranar, don kada a wahala da yi masa girki. Ya ɗaure hauyarsa a jikin keke, ya biyo gajeriyar hanya, ya saki birki a gangaren da ya sani kamar tafin hannunsa.

Mato yana can ƙasan gona ya ji ƙarar ƙarfe. Abin kunya, murmushi ya fara yi. Ya taho a hankali yana shirya faɗan da zai yi wa ɗan birni. Da ya leƙa, sai ya ga hauyar da shi da kansa ya ba Sabi'u kyauta bara.

Sabi'u na kwance a karkace, idonsa biyu.

"Baba, ina kwana," in ji shi da ƙyar. "Ku yi haƙuri, na zo taya ku ne. Ƙafafuna ne ba na ji."

A amalanke aka fitar da shi zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai shi likita a Damagaram. Ƙashin baya ne ya karye. Aka ce zai rayu, amma shi da tafiya sai dai wani ikon Allah.

Kafin a dawo da shi, Mato ya cike ramin ya daddaɓe. Amma abinci ya ƙi shiga bakinsa. In ya fito tsakar gida ya ga jan ɗankwalin nan rataye a danga, sai ya kau da kai. Ya kasa cire shi, ya kasa kallonsa.

Da aka sallamo Sabi'u, Mato ya je dubiya da ƙwaryar fura. Ya tarar da shi a kan tabarma, Zuhaira na juya shi, ga ɗan jaririnta a goye.

"Baba, kada ku sa damuwa," in ji Sabi'u. "Ruwa ne ya ci hanyar, ni kuma na yi gudu. Ku dai sa a kafa tsumma, kada samarin nan su faɗa."

Mato ya ajiye ƙwaryar furar ya miƙe. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

Zuhaira ta rako shi har ƙofar gida. Ta tsuguna kamar yadda ta saba, amma ba ta ɗaga kai ba.

"Baba, washegari na je ɗauko keken. Na ga sawun shebur a bakin ramin." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Yana ganin girmanku. Shi kaɗai ya rage masa da bai karye ba."

A wannan shekara hatsin da ya fito a bakin turba ya fi na ko'ina kyau. Mato bai iya yanke shi ba, tsuntsaye ne suka cinye.

Jama'a, hanya ta kowa ce, ba a cin ta don ƙarin gona. Duk wanda zai haƙa rami ko ya tare turba, ya sanar da mai gari, ya sa alamar da za a gani daga nesa, domin ba shi ke zaɓen wanda zai gangaro ba.