Ranar da Muryar Zabiya ta Ɗauke

Tun da ka tambaye ni wace hanya ta fi wajen koyar da waƙa, ta mutanen da ko ta 'yan situdiyo, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wata zabiya a garinmu, mai kiɗan ƙwarya, wadda in ta buɗe baki a gidan biki sai tuwo ya huce ba a taɓa shi ba. Koyarwarta irin ta da ce: zauna a baya, yi amshi, yi ta yi. 'Yarta ta cikinta ta yi amshi har ta yi aure ta haihu, ba a taɓa ba ta gaba ba. Da ta gaji sai ta bi mijinta birni ta shiga situdiyo, inda tun ranar farko ake tsayar da mutum gaban makirufo a ce ya rera, in ya karkace na'ura ta miƙe shi. Mutanen gari suka ce shi ke nan, waƙa ta mutu a gidan nan. Abin kuwa ya ci uwar.

Ana nan sai ga bikin 'yar sarkin pawa, aka gayyato wata zabiya daga ƙetaren gulbi su kara da tsohuwar zabiyarmu. Tsohuwa ta ɗauko waƙar zuri'ar gidan, mai jero kakanni ɗaya bayan ɗaya, wadda in aka yanke ta a tsakiya an ci mutuncin masu biki. Tana cikin jerin sai murya ta ɗauke ɗif. Cikin 'yan amshi ba wadda ta saba shiga gaba, baƙuwa kuwa har ta fara murmushi. Sai 'yar nan, da ta zo biki da goyonta, ta miƙe daga cikin taro, ta kama daga kakan da uwar ta tsaya, ta ja har ƙarshe ba ta tsallake ko ɗaya ba. Waƙar dai a zaman amshi ta sha ta. Ƙarfin halin tsayawa gaban jama'a kuwa, situdiyon nan da muke rainawa ne ya ba ta. Ina wurin, kuma wallahi har yau in na tuna sai in ji kaina ya fasu. Guɗa ta kaure. Tsohuwa ta ja da baya tana hawaye, ta zauna cikin 'yan amshi, ta amsa wa 'yarta da ragowar muryar da ta saura.

Ai dama Hausawa sun faɗa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.